Kabo da Ƙafar Aro

A Misfala, wata unguwa a Makka kudu da Harami, can inda ɗakunan kwano da katako suka maƙale a jikin dutse, an yi wani mutumin Kano da ake kira Kabo. In ka tambayi tsofaffin unguwar abin da suka tuna game da shi, ba ƙafarsa guda za su fara ambata ba, tsabtarsa za su ambata. Mutum ne da in ƙuda ya sauka a bakin kofinsa, to shi da kofin nan sai an goge shi da toka. Ba ya sa hannu a kwano ɗaya da wanda bai ga wankin hannunsa ba. In wani ya yi kaki kusa da shi, sai ya ɗauki sandarsa ya sauya wuri yana tsaki, ko da mai kakin malami ne. Ɗaso, tsohuwar Basakkwatar da ta ba shi hayar ɗaki, takan ce da da sabulu ake shiga Aljanna, da Kabo ya riga kowa.

Ƙafar hagu ce, daga ƙasan gwiwa. A wani kamfanin matsar man gyaɗa a Kano ya baro ta, ranar da bel ɗin inji ya kama bakin wandonsa ya ja. Matarsa ta rasu tun kafin nan, ba su da ɗa, don haka mahaifiyarsa Iya Hajara ce ta yi jinyarsa. Shi ne ɗanta na fari. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan", kamar yadda kunya ta gada. Amma wata da watanni ita ke dafa ruwa ta sa gishiri, ta wanke dungun, ta shafa man kaɗe, ta naɗe da farin tsumma, ba tare da ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa ba. Ban da ita da likita, babu mahaluƙin da Kabo ya yarda ya ga wurin nan a buɗe. Shi kansa ƙyamar wurin yake yi.

Kamfanin ya yanka masa wani abu duk wata, mutanen gida suka sa masa suna kuɗin ƙafa. Ba su taka kara sun karya ba, amma da su ake sayen gero da itace da kananzir a gidan Iya, kuma ba ta da wata hanya bayansu. Sai dai an gindaya sharaɗi. Duk wata shida sai Kabo ya je gaban likitan kamfani ya kwance tsumman an duba. Me ake dubawa? Wataƙila masu dokar sun ɗauka ƙafar ɗan Adam wutsiyar ƙadangare ce, in an bar ta kwana biyu sai ta tofo. Likitan yakan kare hancinsa da hankici, ya taɓa dungun da gindin alƙalami, ya rubuta abin da ya rubuta wancan karon, a kira na gaba. Duk ranar duba, Kabo ba ya iya cin tuwo.

Shekara uku bayan samun mulkin kai ya sayar da gonar da ya gada a ƙauye, ya ce zai je ya sauke farali. Ya tafi ofishin kamfani neman izini. Akawun ya duba takardarsa sama da ƙasa bai ga gurbin da aka tanadar wa aikin Hajji ba, sai ya rubuta cewa Kabo ya tafi hutu ƙasar waje. Hutu, wai. Mutumin da zai ratsa Chadi da Sudan a bayan babbar mota da ƙafa ɗaya, shi ne mai hutu. Aka ba shi shekara guda, aka ce Iya ta riƙa zuwa tana dangwala yatsa tana karɓa, in kuma ya wuce shekara, shi ya sani.

Da ɗan kawunsa Mailafiya suka yi tafiyar. Mailafiya ɗan tireda ne, mai zaƙin baki, irin mutumin da in ya yi maka doguwar gaisuwa sai ka laluba aljihunka. Sun sha wuya a hanya, sun ƙetare teku, Allah ya kawo su. Kabo ya yi ɗawafi da safa da marwa a kan sandarsa, ya ƙi yarda a ɗauke shi a gadon da ake ɗaukar tsofaffi. Ya tsaya a Arfa, ya kwana a kan tsakuwar Muzdalifa, ya yi jifa da hannunsa. Aikin Hajji dai ya yi shi cikakke, babu wanda ya yi masa ko rabi.

Abin da bai zata ba shi ne daɗin garin. A Kano tun daga ranar injin nan ya zama Kabo gurgu, yara ma haka suke kwatanta gidansu. A nan kuwa kowa "ya Hajji" yake ce masa, daga mai shago har mai sayar da ruwa. Ɗaso, wadda ta zo a ƙafa tun tana budurwa ta ƙi komawa, ta ga yadda yake wanke rigarsa, ta haɗa shi da 'yan kasuwar da ke neman mai wanki da guga. Aka shimfiɗa masa bargo a tsakar gidanta, ga dutsen guga na gawayi, ga tulin fararen riguna. Aikin zaune ne, kuma aikin tsabta. Da lokacin komawa ya yi, Kabo ya ce wa Mailafiya ya yi gaba, shi zai ɗan tsaya ya ziyarci Madina da Mauludi, sannan ya biyo baya.

To, a wancan zamanin alhaji ba ya barin Makka sai ya yi abu biyu, ya sa haƙorin zinariya, ya kuma ɗauki hoto da kayan Larabawa don a rataya a gida. Haƙorin bai dami Kabo ba, don ba ya yarda wani ya sa masa yatsa a baki. Hoton ne ya shiga ransa. A bakin kasuwar Misfala akwai shagon Mukhtaru, haifaffen Makka wanda kakansa Bakatsine ne. Hausarsa ta sha ruwan Larabci, yana da wani labule da aka zana Ka'aba da hasumiyoyi a jiki, a gabansa alhazai ke jeruwa. Kabo ya je da jallabiyar wani mai sayar da yadi da ya goge da safen, doguwa har ƙasa.

"Zauna a kursi, ya Hajji, in rufe maka gwiwa da sallaya, halas," in ji Mukhtaru.

"Tsaye nake so," Kabo ya ce.

Mukhtaru ya dube shi, ya dubi sandar. Bai yi musu ba, don ya saba da alhazai da abin da suke so gida ya gani. Ya ɗauko safa ya cusa mata tsummoki har ta yi ƙiba, ya zura ta a takalmi, ya tura takalmin ƙarƙashin bakin jallabiyar, daidai inda ƙafar hagu ya kamata ta tsaya. Ya karɓi sandar ya ɓoye bayan labule. Kabo ya dafa wani ɗan ginshiƙin katako mai furen takarda a kai, ya miƙe ƙirji, ya riƙe numfashi.

Da hoton ya fito Kabo ya daɗe yana kallonsa. Wani mutum ne dogo, fari fat da rawani, a tsaye kan ƙafa biyu a gaban Ɗakin Allah. Ya ji daɗi ƙwarai, kuma ba yaudarar kowa ya nufa ba. So yake Iya ta samu hoto ɗaya na ɗanta wanda babu tsumma a ciki. Ya naɗe shi a takarda, ya haɗa da dabino da carbi da gwangwanin zamzam guda, ya damƙa wa Mailafiya ya ce ya kai mata hannu da hannu.

Mauludi ya zo ya wuce. Kabo ya ce sai bayan azumi, don wa zai bar Makka ana gab da azumi? Da aka sha ruwa kuma ga Hajji ta ƙarato, wa zai juya baya? Fasfonsa yana hannun muɗawwifi, jagoran alhazan da ya kawo ayarinsu, shi kuwa ya daɗe da sallamar mutanensa ya rufe gida, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Haka Kabo ya wayi gari cikin 'yan takari, marasa igama, wato takardar izinin zama, ba tare da ya taɓa zaunawa ya yanke shawarar hakan ba. In tunanin kamfani ya zo masa yakan ce a ransa, ƙafar da babu ita a Kano ai babu ita a Makka, me za su ce? Ya manta cewa masu toshe hanci da hankici ba da irin wannan hankalin suke aiki ba.

Da alhazan shekara ta gaba suka iso, wani maƙwabcinsu, Rabe tela, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan Ɗaso. Ya yi sallama ya tarar da Kabo zaune yana hura gawayi. Tun kafin a gama gaisawa idon Rabe ya sauka ƙasa, ya tsaya a kan tsumman.

"Malam Kabo, ina ƙafar?"

"Wace ƙafa kuma?"

"Wadda ta tsiro."

Kabo ya ajiye dutsen guga. Rabe ya zauna a bakin bargon, ya sha ruwan da Ɗaso ta kawo, ya kwashe labari tun daga tushe. Mailafiya ya nuna wa Iya hoton, amma bai bar shi a gidan ba. Gilashi ya sa masa, ya kafa a teburinsa na kasuwa, ya jera kwalabe a gaba, yana shelar cewa ga zamzam ɗin da ya tsiro wa Kabo gurgu ƙafa. Mutanen unguwa kuwa sun san Kabo, sun ga hoton, ga takalmi biyu ƙiri-ƙiri. Guragu suka zo, makafi suka zo, mata masu yaran da shan inna ya kama suka sayar da kwanukansu suka zo. Gwangwani guda ne ya shekara bai ƙare ba, saboda akwai rijiya a bayan gidan Mailafiya.

"Ni kaina na saya wa ƙanwata," in ji Rabe, yana kallon ƙasa.

Ba nan abin ya tsaya ba. Akawun kamfani ya bi ta kasuwa wata rana, ya ga fuskar da ya sani a cikin gilashi, ya aro hoton ya kai wa manaja. Aka kira Iya aka karanta mata hukunci biyu a tsaye. Na farko, ɗanta ya zarce hutun da aka ba shi. Na biyu, ga shaida ya warke, kuma kamfani ba ya biyan mai ƙafa biyu kuɗin ƙafa. Tun kafin kaka aka yanke. Yanzu Iya, da shekarunta, gida-gida take bi tana dakau da surfe, a ba ta ɗan tsaki da dusa ta kawo gida.

Kabo ya miƙe. Ya ja sandarsa ya zagaya bayan ɗaki, ya yi ta amai. Ya rasa wanda ya fi ba shi ƙyama. Mailafiya ne, da ke tatsar gurguwar yarinya da ruwan rijiya? Ko manajan da ya san sarai ƙafa ba ta tsirowa, amma ya ga hanyar rage ɗawainiya ya bi? Ko kuwa shi kansa, ƙato da gemunsa, da ya tsaya aka cusa masa tsummoki a safa yana miƙe ƙirji? Ya wanke bakinsa, ya wanke hannunsa har gwiwar hannu, ya dawo ya zauna, amma ƙyamar ba ta fita ba.

Kafin Rabe ya koma, Kabo ya sake zuwa shagon Mukhtaru. Wannan karon da tsohuwar rigarsa ta Kano. Mukhtaru ya fara jawo labulen Ka'aba kamar kullum.

"Cire shi. Ba za a haɗa Ɗakin Allah da wannan ba."

"Lesh, ya ammi, don me? Kowa da shi yake ɗauka."

"Na ce ka cire. Bango nake so."

Ya zauna a kujera, ya naɗe wandonsa, ya shiga kwance tsumman a hankali. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa kwance dungu a gaban baƙo ba. Mukhtaru ya kau da kai, ya shige ƙarƙashin baƙin mayafin na'urarsa da sauri. Kabo ya ɗaga dungun sama don ya fito sosai, idonsa a rufe. Da hoton ya fito ko kallonsa bai yi ba. Ya ce a yi biyu, ɗaya na kamfani, ɗaya na Iya, ya ba Rabe.

Amsa ta zo tsakiyar zafin Makka, lokacin da dutse ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Wasiƙar Rabe ce, ta biyo ta shagon Mukhtaru. Kamfani ya ce hoton da ya iya ba mutum ƙafa zai iya raba shi da ita, don haka hoto ba shaida ba ne. Ka ji fa, su da suka yanke kuɗin a kan hoto. Mai ƙafar ya zo da kansa gaban likita kafin shekarar ta ƙare, in ba haka ba za a soke sunansa, sokewa ta har abada. A ƙasa Rabe ya ƙara saƙon Iya kamar yadda ta faɗa masa. Ta ce hoton farkon dama ba ta san mutumin ciki ba, shi ya sa da Mailafiya ya ɗauka ba ta hana ba. Na biyun ta ajiye a ƙasan adakarta, don wannan ƙafar ta san ta. A gaya wa yaron nan ya dawo.

Ya dawo da me? Guga tana ciyar da shi ta biya haya, ba ta wuce nan. Ko da yana da kuɗin jirgi, babu mai sayar wa marar fasfo tikiti. Ya sa wankakkiyar rigarsa ya tafi ofishin askarawa da kansa, ya ce shi ba shi da takarda, a kama shi a mayar da shi ƙasarsu. Wanda ya tarar yana shan shayi ya dube shi ya yi dariya, ya kaɗa masa hannu. "Ruh, ya Hajji, ruh. Bukra." Ya koma gobe, aka ce gobe. Garin da mutane ke kwana a bayan duwatsu don gudun kamu, ga mai neman kamu an rasa mai kama shi.

Ɗaso ce ta faɗa masa gaskiya, tana juya waina a tanda.

"Ɗana, mi kaka yi haka? Mai guga ba a kama shi, su ma rigunansu na son guga. Masu bara aka kamawa. Ka tai ƙofar Harami ka zamna cikinsu. In askarawa sun zaka shara, su kwashe ka su kai Jidda, su zuba ka jirgi, ko sisi ba ka biya."

"Inna, bara fa kika ce."

"Awo, bara. Yini guda ne, ko biyu. Uwarka na can na daka geron wasu."

Ya yi kwanaki yana juya maganar. Shi da ko ruwa ba ya roƙa a gidan mutane. Shi da in ya bi ta ƙofar nan yakan ɗauke numfashi har sai ya wuce layin mabarata, saboda warin miki da fitsari da ƙudan da ke tashi. Amma duk lokacin da ya dangwara dutsen guga a kan riga, sai ya ji kamar ƙarar taɓarya, ya ga bayan Iya a sunkuye a tsakar gidan wasu. Wata safiya ya yi wanka, ya sa rigar da ya goge har tana ƙyalli, ya naɗa sabon tsumma, ya gangara.

A ƙofar da ke fuskantar Misfala ya samu wuri, tsakanin wani makaho da wani mutum da ya naɗe ƙafafunsa biyu da tsummoki masu jini-jini. Ana aikin faɗaɗa Harami a lokacin, ƙurar rusau tana sauka a kan kowa, ga kashin tattabaru a ƙasa. Kabo ya share wurin da gefen takalminsa ya zauna a ɗofane. Har rana ta ɗaga babu wanda ya dube shi, don duk wanda ya gan shi sai ya ɗauka wani alhaji ne mai mutunci ya gaji ya zauna.

"Buɗe, malam," in ji mai tsummokin, da Hausa. "A rufe ba ta kawo komai."

Kabo ya yi kamar bai ji ba. Can ya tuna askarawa ma ido gare su, kuma abin da ido ya gani shi suke kamawa. Ya sunkuya ya kwance. Ya shimfiɗa farin tsumman a gabansa don kada ya taɓa ƙasa da yawa. Iska ta taɓa dungun, ƙuda suka zo gaisuwa. Kafin ya kore su wani abu ya faɗo a kan tsumman ya yi ƙara. Wata tsohuwa ce 'yar Jawa, ta wuce tana yi masa addu'a. Sai na biyu ya faɗo, sai na uku. Wani ya jefo nasa jiƙe da gumi, wani ya ciro daga bakinsa inda ya ɓoye. Kabo ya ɗauke kai ya kafa wa bango ido.

Bayan azahar aka ji fiton askarawa daga nesa. Kafin ƙiftawar ido layin ya watse. Makahon ya tattara kayansa ya bi lungu ba tare da ya yi karo da ko mutum ɗaya ba. Mai tsummokin jini ya miƙe a kan ƙafafu biyu lafiyayyu ya zura da gudu har yana tsallake kwata. Kabo ya bi shi da kallo. Shi kaɗai ya rage a bakin ƙofar. Ya gyara zama, ya turo dungun gaba, ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa wa askar ɗin da ke tafe, yadda ya ga kamammu na yi.

Askar ɗin ya tsaya a kansa. Ya dubi farar rigar da karin gugarta, ya dubi gemun da aka taje, ya dubi dungun. Ya saba da na ƙarya, wannan kuwa na gaske ne, ga tabon ɗinki nan ya warke fes. Fuskarsa ta sauya. Ya sa hannu a aljihu, ya sunkuya, ya ajiye sulalla a cikin tafin hannuwan da aka miƙo masa.

"Allah yishfik, ya ammi," ya ce a hankali, yana roƙa masa sauƙi.

"Kama ni za ka yi," Kabo ya ce. "Ba ni da igama. Bara nake yi, ga shi kana gani."

Askar ɗin bai ji Hausa ba. Ya dafa kafaɗarsa, ya bi bayan masu gudu.

Da la'asar Kabo ya hau gida da ƙullin tsumma mai nauyi, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Ya roƙi Ɗaso tasa da ruwa. Ya juye kuɗin a ciki, ya sa sabulu, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauraye, ya shanya a rana. Bai ƙirga ba, kuma ba ya bukata. Ido kaɗai ya gaya masa cewa abin da dungun ya tara a yini guda ya kusa abin da kamfani ke ba Iya a wata. Wannan ya fi komai tayar masa da zuciya. Ya kai wa mai canji aka ba shi takarda, ya goge takardun da dutsen guga, ya nemi wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya ba shi, da saƙon cewa yana nan tafe, kamu kawai yake jira.

Washegari ya koma, da jibi. Shekarar ta ƙare, kamfani ya soke sunansa, Mailafiya ya gina soro a gidansa. Iya ta daina dakau. 'Yan kasuwar Misfala suka nemi wani mai guga. Askarawan ƙofar suka san Kabo, suna yi masa sallama da safe, in za su yi shara sai su ce ya janye sandarsa kada su yi tuntuɓe. Shi kuwa duk lokacin da aka yi fito sai ya haɗa hannuwansa ya miƙa, ba ya fashi. In wani alhajin Kano ya gane shi ya tambaye shi abin da yake yi a nan, amsarsa ɗaya ce, jiran kamu yake yi, kuma har ransa haka yake nufi.

Shekaru na tafiya, wata Hajji Rabe ya sake zuwa. Ya tarar da shi da yamma a tsakar gidan Ɗaso, hannunsa cikin kumfa. Rabe ya ga tasa, ya ga abin da ke ciki, ya gane. Ya zauna ya isar da saƙo. Iya tana gaishe shi. Ta ce hatsi ya isa, har ta ba maƙwabta, kada ya ƙara wahalar da kansa. Tambaya ɗaya ta ce a yi masa.

"Ta ce wa ke wanke masa ƙafar a can?"

Kabo bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza sulallan da ke hannunsa, waɗanda suka riga suka fita tun ɗazu. Can ya ce wa Ɗaso ta ƙaro ruwa, wannan ya yi datti.